Tsibirin Ofis

"Ashe kai ne," in ji Philemon mai kwalekwale. Ya mayar wa Muhsin da wayarsa da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera. "Shekara biyu ina neman mutumin da ya rubuta wannan abu."

Muhsin ya karɓi wayar yana murmushi, don a zatonsa yabo ne ke tafe. Ya saba da yabo. Shafinsa na yanar gizo, Zaga Adamawa da Muhsin, yana da mabiya da suka haura dubu ashirin, kuma duk mai son sanin inda zai shiga kwalekwale, ko ya kafa tanti, ko ya hau dutse a ƙarshen mako, shi yake tambaya. Shi ya tura mutane tafkin Geriyo kallon tsuntsaye da sanyin safiya, shi ya tura su madatsar Kiri, shi ya faɗa musu irin takalmin da ke jure duwatsun Song. Amma duk rubuce-rubucensa babu wanda ya kai na Tsibirin Ofis karɓuwa, wani tsibiri a tsakiyar kogin Binuwai mai ƙaton baure, inda ya ce mutum zai kwana ya manta da akwai gari a duniya. Rubutun ne ya nuna wa Philemon yanzu, a nan mashigar ƙarƙashin gadar Jimeta.

"Ka san mutum nawa suka zo nan da wayansu a hannu, wai in kai su Ofis?" Philemon ya ci gaba. "'Yan jami'a, masu bautan ƙasa, har wani bature da matansa. In na ce babu, sai su rubuta maka. Kai kuma sai ka ce musu sun samu matuƙin da bai san hanya ba. Ni! Ni da aka yanke mini cibiya a bakin ruwan nan!"

Murmushin Muhsin ya bushe a fuskarsa. "Kamar yaya babu?"

"Babu, babu. Ruwa ya ci shi. Babban ambaliyan da aka yi a dubu biyu da sha biyu, shi ya tafi da shi, da bauren da komai. Na san wurin, babana yana kai wani tela da wani Inyamuri can duk Asabar. Yau in ka sa gora a wurin ba zai taɓa ƙasa ba."

Telan nan mahaifin Muhsin ne, Malam Ya'u, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce. Ɗaya mutumin kuwa, Cyprian, yana cikin keke mai ƙafa uku a wannan lokacin shi da 'yarsa Nkechi, sun baro masaukinsu suna tafe nan. Kwana biyu suka yi a mota daga Enugu. Saura bai fi minti ashirin ba su iso, kuma sai yau Muhsin ya ga ya dace ya zo ya duba tsibirin da idonsa. Ga mai fafa gora ranar tafiya.

Gaskiyar da mabiya dubu ashirin ba su sani ba ita ce, Muhsin bai taɓa shiga kwalekwale ba tun da aka haife shi. Yana da shekara goma sha uku lokacin da gari ya rikice, aka fara kai hare-hare, mutanen kudu suka riƙa cika manyan motoci suna barin Jimeta. Aka hana babur, aka sa dokar fita, sojoji suka jera buhunan yashi a kan gada. Mahaifiyarsa Mairo ta rantse babu ɗanta da zai tsallake titin unguwar Gwadabawa in ba makaranta za shi ba, balle bakin kogi. Shekarun da ya kamata ya koyi iyo da yawo, a ɗaki ya yi su da waya a hannu. Da hankali ya kwanta kuma, ƙafa ta riga ta saba da zama. Ya samu aikin jera takardu a wata ma'aikata, ya buɗe shafi, ya riƙa aron hotuna da labaran mutane yana gyara su da alƙalaminsa, wanda babu laifi yana da daɗi. Geriyo ya taɓa zuwa sau biyu, ya tsaya nesa da ruwa. Sauran duk ji ne.

Tsibirin Ofis kuwa daga bakin mahaifinsa ya same shi. Shagon ɗinkin Malam Ya'u bango ɗaya ne da shagon Cyprian mai sayar da zare da maɓallai da kayan keken ɗinki, shekara ashirin da biyar suna tare. Duk Asabar ta rani sukan ɗauki fatsa su ce wa matansu sun tafi ofis, su biyun da babu wanda ya taɓa mallakar teburin ofis a cikinsu. Sunan ya bi tsibirin. Bayan tafiyar Cyprian, Malam Ya'u ya riƙa maimaita labarin yana taka keken ɗinki, har Muhsin ya haddace kowane reshe na bauren. Da tsohon ya rasu, sai ya zauna ya rubuta shi duka, ya sa kansa a ciki, wai tsohon na kai shi can duk rani: inda mahaifinsa ke cewa "na gani", shi ma ya rubuta "na gani".

Wata biyu da suka wuce saƙon Nkechi ya shigo. Ta ce ita ce 'yar Cyprian, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ciwon suga ya cinye wa mahaifinta ido gaba ɗaya, kuma tun da ta karanta masa rubutun ya hana ta sakat. Tambaya ɗaya ta yi: da gaske tsibirin yana nan? Muhsin bai ɗauki minti guda ba ya amsa, yana kiranta Adda, wato yaya: "Yana nan daram, Adda. Makon jiya ma ina can." Da ya tuna wannan amsar yanzu, sai ya ji kamar yashin da yake tsaye a kai ya tsage ya shige.

"Don Allah ka rufa mini asiri," ya ce da Philemon, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tsohon ba ya gani. 'Yarsa kuma ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ka kai mu kowane tsibiri."

Philemon ya dube shi sama da ƙasa, daga sabuwar hular rana zuwa takalmin hawan dutsen da ko ƙura bai taɓa sha ba. "In yi ƙarya wa makaho? A cikin jirgina?"

"Ba ƙarya za ka yi ba. Shiru kawai."

Philemon ya tofar da asuwakin da ke bakinsa. "Akwai wani yashi da ya fito bana, sama da gada kaɗan. Zan kai ku. Bakina zan rufe, saboda tsohon, ba saboda kai ba. Amma in ya tambaye ni da bakinsa, zan faɗa masa da bakina. Ka ji ko?"

Kafin Muhsin ya amsa, keken ya gangaro. Nkechi ce ta fara sauka, doguwa, da ƙatuwar jakar tanti a kafaɗa da kwandon abinci a hannu. Sai ta juya ta kamo hannun wani tsoho siriri mai baƙin tabarau. Muhsin ya tuna Cyprian ƙato ne mai tumbi, wanda in ya yi dariya ana ji har layin masu atamfa. Wannan kuwa rigar ma ta fi ƙarfinsa.

Ya durƙusa. "Bappa, sannu da hanya."

Hannun tsohon ya laluba iska har ya sauka a kansa, ya gangara fuska, ya tsaya a haɓa. "Muhsin ɗan Ya'u. Kai, ga gemu! Na bar ka kana satan maɓalli a shagona kana wasan ƙwallo da shi." Hausar tana nan yadda ya tafi da ita, irin ta kasuwar Jimeta. "Yaya Mamanka? Ya haƙurin babanka? Ban samu labari ba sai bayan wata shida. Ban zo ba. Ka yi haƙuri."

"Ba komai, Bappa," in ji Muhsin, kunya ta ƙara danne shi, ganin tsohon da shi Muhsin ke shirin cuta ne ke ba shi haƙuri.

"Ka san tun ranan Laraba bai yi barci sosai ba?" in ji Nkechi tana dariya. Tata Hausar ta ɗan yi tsatsa, tana tsayawa tana neman kalma. "A mota, kowa ya sani za mu Ofis. Ya gaya wa direba, ya gaya wa masu sayar da ayaba. Likitansa ya ce kar ya yi tafiyan. Na nuna masa saƙonka, na ce ga wanda ya je makon jiya."

Philemon ya juya baya yana kwance igiya.

Wurin shiga jirgi aka fara jin jiki. Cyprian ya cire hannunsa daga na 'yarsa, ya dafa kafaɗar Philemon, ya sa ƙafa daidai tsakiyar kwalekwalen, ya sunkuya ya zauna, jirgin ko motsi bai yi ba. Nkechi ta bi shi a hankali. Shi kuwa gwanin Adamawa, mai ba mutane shawarar yadda ake tuƙi, sai ya taka bakin jirgin da dukan nauyinsa. Kwalekwalen ya karkata, ruwa ya kwararo, kwandon abinci ya kusa tafiya. Ya faɗa ciki da gwiwa ya ƙanƙame katako da hannu biyu.

"Wa ke son ya yi mana wanka?" in ji Cyprian.

"Santsi ne, Bappa. Takalmin sabo ne."

Philemon ya tura jirgin da gora suka rabu da gaɓa.

Watan Maris ne, kogin ya ja baya ya bar farin yashi fili-fili a gefe da gefe, ranar Yola kuma ta fara nuna halinta tun ƙarfe tara. Mata na wanki a bakin ruwa, manyan motoci na lodin yashi, can nesa an kora shanu sun shiga har ƙirji. Duk waɗannan Muhsin ya sha rubuta su, kuma abin da ya ba shi haushi shi ne sun fi yadda ya rubuta kyau. Sai dai ba ya iya kallonsu sosai, don duk sanda ya ɗaga ido kansa juyawa yake yi.

Cyprian ya sa hannu cikin ruwa ya bar shi yana ja. Sai ya juya wajen ƙarar filafili.

"Mai jirgi, ɗan wane ne kai?"

Philemon ya faɗi sunan mahaifinsa.

"Haba! Mai yanke a kunne? Shi ke kai mu! Yana nan?"

"Ya rasu, Baba. Shekara takwas."

"Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki, sai dai rowan taba." Tsohon ya ciro hannunsa daga ruwa. "Ragon ruwa yana fita har yanzu?"

"Ya yi wuya, Baba. Sai tarwaɗa da karfasa."

"Dorina fa?"

"Sun koma ƙasa, wajen Numan."

Haka ya yi ta jero tambayoyi, farashin koma, zurfin ruwa a damina, wace shekara sojoji suka bar masunta suka koma kamun dare. Duk tambayar da ya ɗauko, sai Muhsin ya riƙe numfashi yana jiran ta gaba ta zama ita ce. Gumi ya jiƙa masa riga tun daga wuya. Amma har gaban jirgin ya daki yashi, Cyprian bai ambaci tsibirin ga Philemon ba ko sau ɗaya.

"Mun iso, Bappa," in ji Muhsin. Shi kaɗai ya faɗa.

Wurin ba laifi. Yashi ne fari tas mai faɗin filin ƙwallo biyu, da 'yar ciyawa a tsakiya da sawun tsuntsaye. Nkechi ta yi tsalle ta sauka, ta juya tana kallon ko'ina, ta ce wani abu da harshen Ibo tana share ido. Sannan ta kamo mahaifinta. "Papa, ga Ofis. Ka taka."

Cyprian ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Ya yi taku uku, ya tsaya, ya nutsa yatsun ƙafarsa cikin yashin. Ya sunkuya ya ɗebo, ya murza, ya bar shi ya zube.

"Ku kai ni gindin bauren," ya ce.

Muhsin ya riga ya shirya wannan tun a jirgi. "An sare shi, Bappa. Masu gawayi."

"Yaushe?" in ji Nkechi. "A rubutunka ka ce..."

"Kwanan nan ne, Adda. Ban samu na gyara ba."

"Kututturen fa?" in ji Cyprian.

"Yashi ya rufe shi."

"To," in ji tsohon. "Yashi akwai aiki."

Nkechi ta zazzage jakar tantin, irin wanda Muhsin ya ba ta shawarar ta saya, ta miƙa masa sandunan. Ya tsaya yana jujjuya su, ya sa wannan cikin wancan ya ƙi shiga, ya cire ya juya. Philemon ya zo ya karɓe su daga hannunsa ya fara haɗa su.

"Ku yi aikinku," in ji Cyprian. "Muhsin, zo ka kai ni bakin ruwa in jiƙa ƙafa."

Suka tafi a hankali, hannun tsohon a kafaɗarsa, har muryar Nkechi ta yi nisa. Cyprian ya zauna a jiƙaƙƙen yashi ya miƙe ƙafafu cikin ruwa, ya buga ƙasa kusa da shi alamar Muhsin ya zauna. Wata babbar mota ta hau gada, ƙararta ta biyo ruwa ta iso su.

"Ka ji wannan?" in ji Cyprian. "Daga Ofis ba a jin gada. Sai ka wuce lanƙwasa biyu na kogi, tafiyan awa ɗaya, in ruwa ya yi ƙasa har da rabi. Yau ko minti ashirin ba mu yi ba." Ya ɗebo yashi ya buɗe tafin hannunsa. "Kuma Ofis ƙasa ne, ba yashi ba. Baƙin ƙasa. In babanka ya yi sallan azahar ina riƙe masa fatsa, goshinsa yana tasowa da baƙi, ina masa dariya. Baure ba ya fita a kan wannan."

Muhsin ya sunkuyar da kai.

"Tun a bakin gada na fara sani. Wanda ya je makon jiya ba ya taka bakin jirgi. Shi ya sa ban tambayi yaron can ba. Ɗan mutumin kirki ne, zai faɗa mini gaskiya a gaban Nkechi." Ya juyo da baƙin tabarau wajen Muhsin, daidai fuskarsa, kamar yana gani. "Yanzu kai nake tambaya. Ina Ofis?"

"Babu shi, Bappa." Muryar ta fito siririya kamar ta yaro. "Ruwa ya cinye shi. Ambaliyar shekarar da kuka tafi. Ni ma sai yau da safe na sani. Ban taɓa zuwa ba. Ban taɓa shiga jirgi ba sai yau. Duk abin da na rubuta, na Baba ne."

Ya yi zaton in ya faɗa zai ji sauƙi. Bai ji ba. Ya zauna yana kallon sabon takalminsa da ruwa ya jiƙa, yana fatan tsohon ya ɗaga hannu ya mare shi.

"Shekaran da muka tafi," Cyprian ya maimaita. Ya gyaɗa kai a hankali. "Ka rubuta wai babanka yana kai ka duk rani har ya rasu. Da Nkechi ta karanta mini wurin, na yi kishi, wallahi. Na ce Ya'u ya samu sabon abokin aiki. Daga baya na ce gara haka, ofis bai rufe ba. Ka san ban yi masa sallama ba? Mota ya samu, muka shiga. Na ce zan kira, kunya ya hana ni. Shekara ya zama biyu, ya zama goma." Ya juyo wajen Muhsin. "Gaya mini gaskiya. Ya koma bayan tafiyana?"

"Bai koma ba, Bappa. Ko sau ɗaya. Da aka buɗe hanya abokansa sun yi ta jan sa. Ya ce ofis ba ya buɗuwa da ma'aikaci ɗaya. Fatsarku tana nan rataye a shago har ya rasu."

Tsohon ya cire tabarau. Idanun farare ne fat, amma hawaye bai manta hanya ba. Ya bar shi ya gangara bai share ba, kafaɗunsa na rawa kaɗan-kaɗan. Muhsin ya kawar da kai, don bai ga yana da ikon kallon wannan kukan ba.

"To bai sani ba ke nan," in ji Cyprian bayan ya nisa. "Ya mutu yana tsammani bauren yana nan yana jiranmu."

"Haka ne."

"Ya fi ni sa'a." Ya goge tabarau da bakin riga ya mayar. "Shekara bakwai ba na gani, Muhsin. Ka san abin da makaho ke yi da rana? Zama. In zaman ya ishe ni, sai in shiga jirgi a cikin kaina, in wuce lanƙwasa biyu, in ɗaure igiya a saiwan bauren. Kullum ina zuwa. Ba wanda ya hana ni, ba soja, ba likita. Da ka ce wa Nkechi ba ka sani ba, da ina Enugu yanzu, da tsibirina yana nan."

Bai ɗaga murya ba, babu ko ɗigon faɗa a ciki. Muhsin ya ji maganar ta shige shi ta zauna, ya san kuma ba mai tashi ba ce. Ya ce, "Ka yafe mini, Bappa," ya ji kalmomin sun yi ƙanƙanta tun kafin su gama fita.

"Ɗan Ya'u ne kai, ina zan kai ka? Na yafe." Tsohon ya kama hannunsa ya matse, da sauran ƙarfi a yatsun. "Abu biyu nake so. Na farko, yarinyan can hutunta na shekara ta kashe a kan wannan tafiya. Ta yi faɗa da yayyenta, ta yi faɗa da likita. Ta kawo babanta Ofis. Haka za ta sani har in mutu, kuma bayan na mutu. Ka ji?"

"Na ji."

"Na biyu, ka cire abin nan daga wayanka. Yau. Kafin wani ya kawo nasa uban, mai ido."

"Zan cire, Bappa."

"Papa! Muhsin!" Nkechi ce ke ɗaga musu hannu. Tantin ya tsaya, shuɗi, yana kaɗawa a iska, ta shimfiɗa zane a gabansa ta jera kwanuka. Philemon ya koma jirginsa ya zauna ya ba su baya.

Cyprian ya wanke fuska da ruwan kogin, ya miƙe da kansa. Kafin su isa wurinta ya riga ya ɗaura fara'a, har da 'yar waƙa a baki.

"Papa, ka yi kuka," in ji ta.

"Na gaisa da Ya'u ne. Ba dole ba?" Ya buga ƙafa a yashi. "Nan ne. Daidai nan yake zama. Kin iya zaɓan wuri, kamar an gaya miki."

Fuskar Nkechi ta cika da wani irin haske. Ta rungume shi, sannan ta ciro wayarta, ta fasa, ta mayar. "A'a, naka ya fi kyamara mai kyau. Muhsin, ɗauke mu. Kuma don Allah ka sa a shafinka yau, ka rubuta Papa ya dawo Ofis bayan shekara goma sha uku. Yayyena suna bin shafinka. Ina so su gani da idonsu, su da suka ce haukan banza nake yi."

Muhsin ya dubi tsohon. Cyprian ya ji kowace kalma, amma bai taimake shi da ko motsin gira ba. Ya dai gyara wuyan rigarsa, ya sa hannu a kafaɗar 'yarsa, ya washe baki yana fuskantar inda ya ji muryar Muhsin ta ƙarshe.

"Ka matsa baya kaɗan," in ji Nkechi, "tantin ya fito, da ruwan."

Ya matsa. Ya ɗaga wayar. Ya ɗauka sau uku. Nkechi ta rugo ta leƙa ta kafaɗarsa, ta dafe ƙirji.

"Kai, ya yi kyau! Sa na tsakiyan. Sa yanzu, ina kallo."